Tsuntsun da Ba Ya Iya Ciyar da 'Ya'yansa Bai Cancanci Kofi Ba

Kowace shekara a watan Janairu, masu kiwon kanari da danginsa na ƙananan tsuntsaye masu cin tsaba sukan yi dandazo a wani birni, galibi a Turai, domin gasar duniya. Mai shirya taron ita ce ƙungiyar masu kiwon tsuntsaye ta duniya, wadda aka fi sani da COM, kuma an yi shekarun da tsuntsayen da aka jera a zauren suka haura 20,000. Kowanne yana cikin ɗan kejin da aka tsara wa irinsa, babu sunan mai shi, sai lamba. A ƙafarsa akwai zobe marar tsaga wanda aka zura masa tun yana ɗan mako guda a sheƙa, kafin yatsunsa su yi girman da zobe ba zai wuce ba. An buga shekara da lambar mai kiwon a jikin zoben, shi ne kuma shaidar cewa a keji aka ƙyanƙyashe shi. Sai alƙali ya zo da takarda mai maki 100 da aka kasa kashi-kashi, wasu na kai, wasu na gashi, wasu na tsayuwa, wasu na girma ko launi.

Wannan takarda ita ce ma'aunin iri. Kusan kowane iri yana da ƙungiyar masoyansa, su suke rubuta ta, su kuma suke horar da alƙalan da za su yi aiki da ita. Wanda ba ya cikin harkar zai ɗauka ƙa'idar wasa ce kawai, amma ƙarfinta ya wuce nan nesa ba kusa ba. Macen kanari tana fara ƙwai da shekara ɗaya, saboda haka shekara goma a ɗakin mai kiwo zuriya goma ce. Duk abin da takardar ta ba maki, shi za a haɗa a sheƙa a kiwon baɗi, abin da ta yi shiru a kansa kuwa sai ya riƙa zubewa a hankali. Abin da yawancin takardun nan suka yi shiru a kansa shi ne ya fi damuna: shin tsuntsun nan yana kwanci a kan ƙwansa, ya ciyar da 'ya'yansa da bakinsa? A ganina irin da ya kasa wannan ya gaza komai kyansa, kuma ƙungiyoyin da suka kai shi ga haka su ne ya wajaba su dawo da shi.

Ba na cikin masu cewa a rushe ƙungiyoyin. Akwai wani tsohon kanarin Ingila da ake kira Lizard, mai jerin ɗige-ɗige a baya da wata 'yar hula mai haske a ka, wanda ya fi shekara 200 a hannun masu kiwo. Yaƙin duniya na biyu ya kusa gamawa da shi, tsaba ta yi wuya, masu kiwo sun tafi fagen fama, har ya rage 'yan tsiraru. A 1945 wasu mutane suka kafa masa ƙungiya, suka tattara abin da ya saura, suka tsaya a kan tsohuwar siffarsa ba ƙari ba ragi. Yau ana kiwonsa a ƙasashe da dama, kuma in ka ɗauko zanensa na ƙarni na 19 ka ajiye kusa da na yau za ka gane tsuntsu ɗaya ne. Ɗan'uwansa London Fancy, mai jiki ruwan ɗorawa da baƙin fiffike da baƙar jela, bai yi wannan sa'ar ba, ya ɓace a farkon ƙarni na 20. Wanda ake nunawa yanzu da wannan suna sake ƙirƙiro shi aka yi a Holan bayan wahalar shekaru. In babu rubutacciyar siffa da mutanen da suka yarda su kare ta, iri yakan narke cikin sauran iri ba a ankara ba. Haka zoben ƙafa da ɓoye sunan mai tsuntsu a gaban alƙali, duka alheri ne da ƙungiyoyin suka kawo, ɗaya yana kare tsuntsun daji da mai saye, ɗayan yana kare ƙaramin mai kiwo daga son kai.

Ɓarnar ta wata ƙofa take shigowa, kuma tarihin kanarin Border ya nuna ta ƙarara. A 1890 aka kafa ƙungiyarsa a garin Hawick, kusa da iyakar Sikotilan da Ingila. Ɗan ƙaramin tsuntsu ne mai kuzari, don haka ma aka so shi, ma'auninsa kuma ya ce kada tsawonsa ya wuce inci 5 da rabi, wato wajen santimita 14. Shekara da shekaru takardar tana faɗin haka, tsuntsun kuwa sai girma yake yi. Yadda abin ke faruwa ba wani sirri ba ne. Alƙali yana tsaye gaban keji biyu, tsuntsayen sun yi kunnen doki a komai, sai idonsa ya karkata ga wanda ya fi cika keji. Wannan ya ci. Masu saye suka yi layi a ƙofar mai shi, 'ya'yansa suka yi tsada, baɗi aka kawo waɗanda suka fi shi cika da ɗan kaɗan. Alƙalan kuma su ma masu kiwo ne, kuma a ɗakunansu manyan ne. Wa zai zare maki daga irin tsuntsun da yake da talatin nasa a gida? Ba sai kowa ya yi niyyar mugunta ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, domin mai saye da ke biyan kuɗi don girma yana da nasa kason laifin.

A 1957 wasu masu kiwo a yankin Fife na Sikotilan, cikinsu da Walter Lumsden, suka ga tsuntsun da suka taso da shi ya salwanta a gaban idonsu. Suka taru a Kirkcaldy suka kafa sabuwar ƙungiya, suka koma ga ƙananan Border irin na da, suka sa masa suna Fife Fancy. Sun ƙayyade tsawonsa a wajen santimita 11, kuma suka ba ƙanƙanta maki mafi tsoka a takardarsu, don kada abin da ya faru ya maimaitu. Yau Fife yana cikin kanarin da aka fi kiwo a duniya, yana da saurin ƙwai, yana da kyan raino. Ga abin da ya kamata kowace ƙungiya ta tsaya ta yi tunani a kai: masu kiwon manyan iri da yawa suna ajiye Fife a ɗakunansu don ya rainar musu 'ya'yan zakarun gasa, waɗanda iyayensu suka yi nauyi ko sanyin jikin da ba sa ciyarwa yadda ya kamata. Har akan sa almakashi a rage gashin ƙarƙashin jela na masu yawan gashi kafin a haɗa su, in ba haka ba ƙwan ya fito fanko.

Na Gloster ya fi taɓa ni, domin shi ne kanarin da ko wanda bai san tsuntsu ba zai tsaya ya kalla. A 1925 wata mata daga Cheltenham ta fara nuna shi a London, ɗan ƙarami mai tukku zagayayye. Iri ɗaya ne mai fuska biyu, mai tukku da marar tukku, kuma dole a riƙa haɗa mai tukku da marar tukku. Dalili kuwa shi ne ƙwayar gadon tukkun tana da haɗari. In ɗa ya gaje ta daga uwa da uba duka, ba ya rayuwa, a lissafi ɗaya cikin huɗu na irin wannan haɗin yakan mutu a cikin ƙwai ko jim kaɗan bayan ƙyanƙyasa. A nan ƙungiyoyin sun yi aikinsu, duk sabon shiga wannan ne darasinsa na farko. Ma'aunin asali ma ya faɗi abubuwa biyu masu hankali, cewa ido ya kasance ana ganinsa a ƙarƙashin tukkun, kuma tsuntsun ya karkata ga ƙanƙanta. Amma tukku mai faɗi yana ɗaukar ido a zauren gasa, hanyar samunsa kuma sananniya ce.

Gashin kanari iri biyu ne. Akwai siriri mai tsauri wanda launi ya kai har bakinsa, akwai kuma faffaɗa mai laushi mai fari-fari a baki. Tsohuwar ƙa'idar kiwo ita ce a haɗa wannan da wancan, gashin 'ya'ya ya zauna daidai. Mai neman tukku mai faɗi da jiki cikakke sai ya riƙa haɗa mai laushi da mai laushi, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Tsuntsun ya yi kyau a keji. Sai gashin ya kai wani laushin da idan sabo zai fito ba ya iya huda fata, ya nannaɗe a ciki ya zama ƙullutu, a kafaɗa ko a baya ko a gindin fiffike. Likitan dabbobi zai iya yankewa, amma in lokacin sauya gashi ya zagayo wani ya sake fitowa. Cutar nan ta fi yawa a Gloster da Norwich da sauran masu kaurin gashi, kuma masu kiwo sun san daga ina take. Tsuntsu yakan ci kofi a shekararsa ta farko, ƙullutun ya bayyana a ta biyu, lokacin an riga an sayar da 'ya'yansa.

A Italiya kuma aka bi akasin hanyar. Gibber Italicus, wanda ake so ya tsaya da siffar lamba 7, da dogon wuya miƙe gaba da ƙafafu a sandare, daga haɗa mai tsaurin gashi da mai tsaurin gashi ya samo siririn gashinsa, har cinyoyinsa da wani sashe na ƙirjinsa a tsirara suke, ma'aunin kuma haka yake so. Ko waƙa ba ta tsira ba. Kanarin Waterslager na Beljiyam, wanda aka zaɓa saboda murya mai zurfi mai kama da zubar ruwa, masu bincike sun gano yana da gadon raunin ji, ba ya jin siraran sauti kamar sauran kanari. Ɗan tsuntsun Ostireliya mai zane-zane da ake kira Zebra, wanda aka kafa wa ƙungiya a Birtaniya a 1952, nauyinsa a daji wajen giram 12 ne, na gasa kuwa yakan ninka haka.

Launi ma ya ci nasa. A shekarun 1870 wani mai suna Edward Bemrose ya riƙa kawo kanarin Norwich masu wani irin ruwan lemo da ba a taɓa gani ba, yana kwashe kyaututtuka, ana zarginsa da rini. Daga baya asiri ya fito, jan barkono yake zuba musu a abinci lokacin sauya gashi. Wannan bai kashe kowa ba. Amma son ja bai tsaya nan ba. A shekarun 1920, a birnin Bremen na Jamus, Hans Duncker da Karl Reich suka fara haɗa kanari da wani ɗan jan tsuntsu na arewacin Venezuela, don su shigar da jan a jinin kanari. Daga wannan aikin jan kanarin yau ya samo asali, kuma har yanzu sai an haɗa masa da sinadarin launi a abinci yake yin ja sosai. Kuɗin kuwa ɗan tsuntsun daji ne ya biya. An yi ta kama shi ana fitarwa tsawon shekaru har ya shiga jerin masu fuskantar ƙarewa, kuma labarin gano wasu 'yan kaɗan a Guyana a 2000 sai da ya zama abin murna ga masana. Babu wani layi a ma'aunin jan kanari da ya ce a je a kwashe tsuntsun wata ƙasa. Layin da ya ba ja maki ya wadatar.

Inda maganar raino ta fi fitowa fili shi ne wajen Gouldian, wanda da yawa ke cewa babu ƙaramin tsuntsun da ya kai shi kyau: koren baya, ƙirji ruwan shanshanbale, ciki ruwan ɗorawa, kai baƙi ko ja, a wasu ƙalilan ruwan lemo. John Gould ne ya bayyana shi ga masana a 1844, ya sa masa sunan matarsa. Tun wajen 1960 Ostireliya ta hana fitar da tsuntsayenta, saboda haka duk Gouldian da ke Turai da Amurka da Asiya jikokin waɗanda suka riga fita ne. Yana da tsada, yana da saurin watsar da ƙwai ko jefo 'ya'ya daga sheƙa in bai samu natsuwa ba. Sai masu kiwo suka samo gajeriyar hanya, su kwashe ƙwansa su sa ƙarƙashin Bengalese, wani tsuntsun gida da aka daɗe ana kiwo a Japan, wanda kusan duk ƙwan da aka ba shi zai kwanta a kai. Macen Gouldian da aka kwashe wa ƙwai sai ta sake yin wasu, ribar ta ninka.

Masu kiwo suna gardama kan ko ɗan da Bengalese ya raina yakan zama mugun uba ko muguwar uwa. A bar wannan gardamar gefe, akwai abin da ba ya buƙatar gardama. A daji, macen da ba ta raino ba ta barin zuriya. A ɗakin da ake ba da riƙo kuwa ita ce ma ta fi barin zuriya, tunda ita ba ta ɓata lokaci a kan sheƙa. Kamar manomi ne da ke zaɓen irin shuka daga zangarniyar da ta fi kyan gani a rumbu, bai taɓa tambayar ko ta jure farin damina ba. Ga kuma sababbin launuka, shuɗi da fari da ruwan azurfa, waɗanda ake haɗa dangi da dangi don a tabbatar da su, masu kiwo da kansu suna faɗin cewa shuɗin ya fi kore rauni. Alƙali yana da 'yan mintuna a gaban keji. Yana ganin gashi da tsayuwa, ba ya ganin sheƙa. Duk tsarin an gina shi a kan abin da ido zai iya aunawa a rana ɗaya.

Akwai masu ganin doka ce magani. Jamus tana da sashe na 11b a dokarta ta kare dabbobi, wanda ya haramta kiwon da aka san zai haifar da zuriya mai ciwo ko naƙasa, kuma a 1999 wani kwamitin masana ya fitar da rahoto kan yadda za a fassara shi, har da tsuntsayen keji a ciki. Ina goyon bayan wannan doka a matsayin katanga ta ƙarshe. Amma jami'in gwamnati ba zai shiga ɗakunan kiwo dubbai ya duba wa aka haɗa da wa ba. Wanda ke riƙe da linzami shi ne mai raba kofi. Ranar da alƙalai suka fara fitar da Gloster ɗin da tukku ya rufe wa ido daga gasa baki ɗaya, ba wai rage masa maki biyu ba, cikin zuriya kaɗan za a daina ganinsa. Ƙungiyar da ke sayar da zobe tana iya fitar da zobe mai alama ta daban ga ɗan da iyayensa suka raina, ta ware masa babbar kyauta. Wasu masu Gouldian sun riga sun fara tallar tsuntsayensu da cewa rainon iyaye ne, suna kuma samun masu saye, ke nan kasuwar tana nan. Ƙungiyar tana iya buɗe aji na tsuntsaye masu shekara uku zuwa sama, inda ƙullutu ba zai iya ɓuya ba. Tana iya sa ma'aunin tsawo a kan teburin alƙali, ta ce abin da aka rubuta shi ake nufi. Za a ce mai kiwo zai iya yin ƙarya kan wanda ya yi rainon. Zai iya. Amma waɗannan ƙungiyoyi ƙanana ne, an san juna, ana shiga ɗakunan juna, kuma a kan amana suke karɓar maganar mutum cewa tsuntsun da ya kawo gasa shi ya ƙyanƙyashe shi.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawo min ita ce duk kiwon gida sauya halitta ne. Kanarin daji na tsibiran Canary kore-kore ne mai toka-toka, ruwan ɗorawar ma da muka sani aikin ɗan Adam ne, to a ina za a ja layi? Na yarda ba kowane sauyi ne cutarwa ba. Kanarin Roller na tsaunukan Harz, wanda masu haƙar ma'adinai na Sankt Andreasberg suka gyara har yake waƙa da baki kusan a rufe, abin al'ajabi ne. Bengalese ɗin ma, bincike a Japan ya nuna waƙarsa ta fi ta kakansa na daji sarƙaƙiya. Layin ba shi da wuyar ja kamar yadda ake nunawa. Tsuntsun yana gani? Yana tashi daga ƙasa zuwa sanda ba haki? Yana sauya gashi ba ciwo? Yana barbara ba da taimakon almakashi ba, ya ciyar da abin da ya ƙyanƙyashe? In amsa e ce, a yi masa kowane launi da kowace siffa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Maganar ta taɓa mu ta wata fuska. Shekaru da dama Yammacin Afirka, musamman Senegal da Mali da Gini, ita ce rumbun da Turai ke ɗibar ƙananan tsuntsayen daji, cikinsu da kanarin nan mai ruwan ɗorawar goshi da ɗan'uwansa mai toka-toka, waɗanda ake rataye kejinsu a shaguna da zaurukan Arewa saboda waƙa. Da yake suna da araha, masu kiwon Turai ba su damu da su hayayyafa su ba, in ɗaya ya mutu sai a sayo wani. A Oktoban 2005 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da tsuntsayen daji saboda murar tsuntsaye, a 2007 hanin ya zama na dindindin. Nan da nan tsuntsayen suka yi tsada, kuma ƙungiyoyin masu kiwon tsuntsayen Afirka ne suka zama wurin da ake koyon irin abincin da iyaye ke buƙata lokacin raino, da musayar jini tsakanin ɗakuna don kada dangi su yi ta auren juna. Irin ƙungiyar da nake kare wa ke nan, wadda abin alfaharinta yawan 'ya'yan da suka fita sheƙa lafiya.

A wurinmu, yawancin kanarin da ke keji daga daji aka kamo shi, kuma namiji ake nema, don shi ke waƙa. Masu tantabara da masu kajin ado sun riga sun fara haɗuwa a WhatsApp da Facebook suna gwada tsuntsayensu, masu kanari ma za su iya. In suka haɗu, ina fata kada su fara da rubuta yadda kai ko ƙirji zai kasance. Su fara da koyon ƙyanƙyasar kanarin ƙasarmu a keji, wanda aiki ne mai wuya, domin mazan suna faɗa a lokacin ƙwai, kowane ma'aurata sai da kejinsu, kuma iyaye suna buƙatar ɗanyen ganye da dafaffen ƙwai ko ƙwari ban da tsaba. Bayan haka su samo zobe marar tsaga, su ƙi karɓar duk tsuntsun da ba shi da shi a gasar waƙa.